Faɗa-wutan Ingila da suka yi baƙi: hayaƙi ya rina su, ko tsuntsaye suka tace su?

Tambaya: Malam, ina koyar da ilimin halittu a sakandare. A littafin da muke amfani da shi akwai labarin wasu faɗa-wuta na Ingila da aka ce sun koma baƙaƙe lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta bishiyoyi. Wani ɗalibina ya tambaye ni ko rikiɗa suke yi kamar hawainiya. Na ce masa a'a, amma bayanin da na yi masa ni kaina bai gamsar da ni ba. Sannan wani abokin aikina ya ce ai an daɗe da gano labarin ƙarya ne, wai matattun ƙwari aka manna a jikin bishiya aka ɗauki hoto. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, amsar da ka ba ɗalibinka daidai ce. Babu faɗa-wuta ko ɗaya da ya kwanta fari ya wayi gari baƙi. Launin da ya fito da shi ranar da ya buɗe fuka-fukansa, da shi zai mutu, kuma ran nasa ma bayan ya yi fuka-fuki 'yan kwanaki ne. Abin da ya sauya shi ne ƙidaya: a cikin kowane ɗari, nawa ne farare, nawa ne baƙaƙe. Idan ɗalibi ya riƙe wannan, ya riƙe kan zaren, don kusan duk ruɗanin da ake yi a kan zaɓin yanayi (yadda muhalli ke tace wanda zai rayu ya haihu) daga nan yake tasowa, wato ɗora wa ƙwaro ɗaya abin da ya faru da jama'ar ƙwarin gaba ɗaya. Shi kuwa abokin aikinka yana da guntuwar gaskiya a hannu, sai dai labarin da ya ji ya tsaya ne a wajajen 2002, bai ji abin da ya biyo baya ba. Zan zo kansa.

Ƙwaron da ake magana a kai masana na kiransa Biston betularia. Idan ya shimfiɗa fuka-fukansa faɗinsa bai wuce santimita biyar zuwa shida ba. Asalin kamarsa wake-wake ce, fari da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa masoro, kuma daga nan sunansa na Turanci, peppered moth, ya samo asali. Da dare yake tashi. Da rana sai ya lafe a jikin bishiya, ya baje fuka-fukansa, ba ya ko motsi. Ba shi da dafi, ba shi da ƙari, ba shi da ɗacin da zai sa tsuntsu ya tofar da shi. Makaminsa ɗaya ne tak: kada a gan shi. A Ingila zuriya ɗaya yake yi a shekara. Manyan suna tashi daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, macen ta zuba ƙwai ɗaruruwa, tsutsotsin su ci ganye, sannan su sauka cikin ƙasa su kwanta har sanyi ya wuce. Ka riƙe wannan batu na zuriya ɗaya a shekara, zai yi mana amfani wajen lissafi.

A dajin da iskarsa ke da tsabta, ɓawon bishiya yakan lulluɓe da wani abu fari-fari ko toka-toka da ke manne masa kamar ƙanzo. Laken ake ce masa, haɗin gwiwa ne tsakanin fumfuna da wani ɗan mitsitsin tsiro mai yin abinci da hasken rana. Farin faɗa-wuta a kan laken sai ka yi da gaske kafin ka gan shi, ko da an nuna maka wurin da yatsa. Shi kuwa laken ba ya jure iskar farar-wuta da ke fita idan ana ƙona kwal. Da masana'antun saƙa da na ƙarfe suka cika Manchesta da garuruwan kewayenta a ƙarni na 19, abu biyu suka faru wa bishiyoyi lokaci guda: iskar ta kashe laken, kunkunniya kuma ta rufe ɓawon da ya rage tsirara. Bishiyar da take fara-fara ta koma baƙa ƙirin.

A shekarar 1848 wani mai tara ƙwari, R. S. Edleston, ya kama baƙin faɗa-wuta na wannan jinsi a Manchesta. A lokacin abin mamaki ne, irin wanda masu tara ƙwari ke rububinsa. Kafin 1895 kimanin kashi 98 cikin 100 na waɗanda ake kamawa a yankin baƙaƙe ne. Ƙasa da shekara hamsin ke nan, ƙasa da zuriya hamsin. Masana suka raɗa wa baƙin suna carbonaria, farin kuma typica. Akwai ma na tsaka-tsaki, insularia, wanda littattafan makaranta kan tsallake don kada ya dagula musu hoto.

Bayani na farko da ke zuwa ran kowa shi ne hayaƙin ne ya rina su, ko kuma gubarsa ta shiga jikinsu ta sauya su. Kada ka yi wa ɗalibin da ya faɗi haka dariya, don manyan masana ma sun bi ta nan. A shekarun 1920 J. W. Heslop Harrison ya ce ya ciyar da tsutsotsin wasu faɗa-wuta ganyen da aka gurɓata da sinadaran darma da manganis, kuma jikokinsu sun fito baƙaƙe. Wasu suka maimaita gwajin, ba su samu abin da ya samu ba. Kuma hujja mafi sauƙi tana hannun duk wanda ya taɓa kiwon ƙwarin nan: ka ɗauki baƙaƙe ka kai su inda babu ko ƙyallin hayaƙi, ka ciyar da 'ya'yansu ganye mai tsabta, za su ci gaba da haifar baƙaƙe. Baƙin gado ne.

Gadon kuwa yana da ƙa'ida mai sauƙi. Kowane ƙwaro yana karɓar kwafi biyu na ƙwayar gadon launi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ta baƙi mai rinjaye ce: ko kwafi ɗaya ya samu, baƙi zai fito. Fari kuwa sai ya haɗa kwafi biyu na fari. Don haka baƙaƙe biyu na iya haifar fari, idan kowannensu na ɗauke da fari a ɓoye, amma farare biyu ba sa haifar baƙi.

Wanda ya fara faɗin bayanin da ya tabbata daga baya shi ne J. W. Tutt, a 1896. Ya ce tsuntsaye ne. A kan baƙar bishiya fari ne ke fitowa sarari a tsince shi, baƙi ya tsira ya hayayyafa. Mutane da yawa ba su yarda ba, har cikin masana tsuntsaye akwai masu cewa tsuntsu ba ya cin faɗa-wutan da ke lafe. A 1924 J. B. S. Haldane ya zauna da alƙalami ya tambayi kansa: wace irin rata ce tsakanin biyun za ta iya kawo wannan sauyi cikin shekara hamsin? Ya samu cewa sai idan baƙi yana barin zuriya kusan ninki ɗaya da rabi na abin da fari ke bari. A wancan lokaci an ga adadin ya yi girma ainun.

Ina so ka yi wannan lissafi a allo tare da ɗalibanka, don shi ne zuciyar maganar. Ka ce akwai faɗa-wuta 1,000 a wani daji, 10 kacal baƙaƙe. Ka ce cikin kowane ɗari na baƙaƙe 90 ke kaiwa ga haihuwa, cikin ɗari na farare kuma 60. Misali ne na ƙirƙira don allo, amma ratarsa ita ce ta Haldane. Shekarar farko baƙaƙen za su tashi daga kashi 1 zuwa kusan kashi ɗaya da rabi. Ba wanda zai lura. Bayan shekara biyar suna wajen kashi 7. Bayan goma sun kai ɗaya bisa uku. A shekara ta goma sha biyu sun kama rabi, a ta ashirin kuma kusan tara cikin goma. Daga nan tafiyar sai ta yi sanyi, saboda ƙwayar fari ta shige cikin jikin baƙaƙe ta ɓuya, tsuntsu kuwa ba ya ganin abin da ke ɓoye, fuka-fuki kawai yake gani. Shi ya sa farare ba su ƙare ƙaƙaf ba ko a tsakiyar Manchesta. Ka lura kuma, a duk lissafin nan ba inda muka ce wani ƙwaro ya yi niyya, ko ya gane cewa bishiya ta yi baƙi. Abu uku kawai muka saka: akwai bambanci tsakaninsu, bambancin ana gadonsa, kuma yana shafar wanda zai rayu ya haihu. Duk inda ukun nan suka haɗu, ƙidaya sai ta karkata, ko an so ko ba a so. Wannan shi ne abin da ake nufi da zaɓin yanayi. Kalmar zaɓi ma takan ɓatar da ɗalibai, su ɗauka akwai mai zama yana zaɓa. Ni nakan ce musu rariya: ba ta san komai ba, amma abin da ya ratsa ta daban yake da abin da aka zuba.

Lissafi dai lissafi ne, sai an je daji. Wanda ya je shi ne Bernard Kettlewell, likita ne da ya bar aikin asibiti ya koma binciken ƙwari a jami'ar Oxford. A 1953 ya shiga wani daji da hayaƙi ya cinye kusa da Birmingham. Ya ɗiga wa kowane faɗa-wuta ɗan fenti a ƙarƙashin fiffike, inda tsuntsu ba zai gani ba, ya sake su, sannan da dare ya kafa tarko iri biyu: fitila mai haske sosai, da keji mai ɗauke da matan da ba su sadu da namiji ba, waɗanda ƙamshinsu ke jawo mazan daga nesa. Cikin baƙaƙen da ya saka, kashi 27.5 suka dawo hannunsa. Cikin farare, kashi 13. A 1955 ya tafi wani daji mai tsabta a Dorset, can kudu, inda laken ke ko'ina. Sai reshe ya juye da mujiya: farare kashi 12.5 suka dawo, baƙaƙe kashi 6.3. Ninki biyu a can, ninki biyu a nan, kowanne ta fuskar da aka yi hasashe. Saboda masu musun cewa tsuntsu na cin su, ya gayyato Niko Tinbergen, masanin ɗabi'ar dabbobi wanda daga baya ya ci lambar Nobel a 1973, ya ɓuya da kyamara. Aka ga tsuntsaye suna bin jikin bishiya suna tsinta ɗaya bayan ɗaya. A Dorset, cikin 190 da aka ga an cinye, 164 baƙaƙe ne, 26 farare.

To ga inda abokin aikinka ya shigo. Gwajin Kettlewell yana da naƙasu na gaske, kuma masana fannin ne da kansu suka fara zayyana su. Da rana ya riƙa sakin ƙwarin, alhali su da asuba suke zaɓar mafakarsu. Yawanci a gangar bishiya ya ɗora su, inda ido ke kaiwa, ba tare da an tabbatar nan suka fi zama ba. Ya zuba su da yawa a wuri ɗaya, kamar ya kira tsuntsaye walima, tsuntsu kuwa idan ya gane akwai banza a wata bishiya zai yi ta dawowa. Ya kuma haɗa waɗanda aka kiwata a ɗaki da na daji. Maganar hoto ma gaskiya ce: hotuna da yawa na littattafai shirya su aka yi, aka ɗora fari da baƙi gefe da gefe, wasu ma matattu ne aka kafe, kuma akwai gwaje-gwajen wasu masanan na baya da aka yi da matattun ƙwari da aka manna a bishiya don a ga wanne tsuntsu zai fara ɗauka. Amma hoton littafi misali ne na yadda launukan ke fitowa a kan ɓawo, ba a kansa hujjar ta tsaya ba. Samun fari da baƙi sun lafe kusa da juna a daji, a daidai lokacin da mai kyamara ke wucewa, abu ne da za ka shekara kana jira. Laifin da nake gani shi ne rashin rubuta a ƙasan hoton cewa shiryawa aka yi. Ƙwarin da Kettlewell ya saka ya sake kamawa kuwa rayayyu ne, matacce ba ya tashi ya shiga tarko.

A 1998 Michael Majerus na jami'ar Cambridge, wanda ya shafe shekaru yana bin wannan ƙwaro, ya wallafa littafi inda ya jera waɗannan naƙasu, duk da cewa shi ya tsaya a kan cewa tsuntsaye ne babban dalili. Wani masani Ba'amurke, Jerry Coyne, ya yi sharhin littafin a mujallar Nature, ya ce a jingine wannan misali tukuna. Jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri. A 2002 wata marubuciya, Judith Hooper, ta fitar da littafi mai nuni da cewa Kettlewell ya yi coge a alƙalumansa. Masana tarihin kimiyya da suka bi takardunsa daga baya ba su samu shaidar coge ba. Amma ka san yadda zargi yake, ya riga wanke-kai isa kasuwa. Har yau akwai masu maimaita shi, kuma ina kyautata zaton daga nan maganar ta iso kunnen abokin aikinka.

Abin da Majerus ya yi daga nan shi ne ɓangaren labarin da na fi so a koya wa yara, fiye ma da faɗa-wutan. Bai tsaya cacar baki ba. Ya ɗauki naƙasun nan ɗaya bayan ɗaya ya tsara sabon gwaji da zai toshe kowanne, ya yi shi a wani lambu kusa da Cambridge daga 2001 zuwa 2007. Da farko ya riƙa hawa bishiyoyi yana neman inda ƙwarin ke kwana da kansu. Ya samu 135. Kashi 52 suna kan rassa, yawanci ta ƙarƙashi, kashi 35 a jikin gangar bishiya, kashi 13 a ƙananan tsinke. Ashe masu cewa ba sa zama a gangar bishiya sam sun wuce gona da iri, masu ɗauka can kaɗai suke zama su ma sun yi kuskure. Sannan da magariba sai ya zura ƙwaro cikin wata rigar raga da ya ɗaura a reshe, ya bar shi ya zaɓi wurin lafewarsa da kansa cikin dare. Kafin gari ya waye ya zare ragar a hankali, ya koma nesa da madubin hangen nesa yana kallo. Bayan wasu sa'o'i ya dawo ya ƙirga wanda ya rage. Kaɗan-kaɗan yake saka su, ƙwarin yankin ne, kuma yawan baƙi da fari daidai da yadda suke a dajin wurin. Haka ya yi ta yi, damina bayan damina, har ya saki faɗa-wuta 4,864. Ya ga tsuntsaye iri tara suna cin su. A wannan wuri mai iska mai tsabta baƙaƙe aka fi ci, da ratar kusan kashi 9 cikin 100 a kowace rana, kuma ratar ta yi daidai da saurin da baƙaƙen ke raguwa a yankin, daga kashi 12 a 2001 zuwa kusan kashi 1 a 2007. Akwai masu cewa ai jemagu ne suka fi cin su. Ya gwada wannan ma, ya saki ƙwarin inda jemagu ke farauta da dare, ya samu ba sa bambanta fari da baƙi. Ba abin mamaki ba ne, jemage da amsa-kuwwa yake farauta, launi ba ya gabansa. Majerus ya rasu a Janairun 2009 bai wallafa sakamakon ba. Abokan aikinsa huɗu suka bi takardunsa suka sake lissafi suka fitar a 2012. Coyne da kansa ya amince cewa misalin ya koma matsayinsa.

Ni a wurina ma akwai hujjar da ta fi kowane gwaji nauyi, don ba mutum ya tsara ta ba. A Disambar 1952 hazo mai haɗe da hayaƙin kwal ya rufe Landan na 'yan kwanaki, ya kashe mutane aƙalla 4,000. Wannan ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956. Hayaƙi ya ragu, bishiyoyi suka fara haske. Idan bayanin Tutt gaskiya ne, dole baƙaƙe su ragu. Cyril Clarke, wani likitan kuma, ya riƙa kafa tarko kowace shekara daga 1959 a gidansa da ke Caldy, kusa da Liverpool. A farko fiye da kashi 90 baƙaƙe ne. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun faɗo ƙasa da kashi 20. A can Amurka, a jihar Michigan, jinsin nan yana da nasa baƙin, kuma shi ma ya tashi da masana'antu ya faɗi da dokokin tsabtace iska, daga sama da kashi 90 zuwa ƙasa da 20 a kusan shekarun nan guda. Nahiya biyu, teku a tsakani, hawa ɗaya, sauka ɗaya. Kuma ka tuna ƙa'idar rinjaye: fari ya samu maɓoya a jikin baƙi lokacin da duniya ta juya masa baya, amma baƙi ba shi da inda zai ɓuya, duk mai ɗauke da shi a fuka-fukinsa yake bayyana. Shi ya sa yanzu baƙin faɗa-wutan nan ya yi wuyar gani a mafi yawan Ingila.

Saura tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai yi maka: to baƙin na farko daga ina ya fito? An samu amsarta a 2016, daga ɗakin binciken Ilik Saccheri a jami'ar Liverpool. A cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, akwai wasu guntaye masu tsalle, waɗanda kan tashi daga wuri guda su faɗa wani wuri daban. Ɗaya daga cikinsu, mai tsawon haruffan gado kusan 22,000, ya faɗa cikin wata ƙwayar gado mai suna cortex, wadda ke da hannu a yadda ƙwayoyin fiffike ke rarrabuwa tun ƙwaron na tsutsa. Kutsen bai lalata ta ba, ya ƙara mata aiki ne a lokacin da fiffike ke tsirowa, sakamakon ya zama baƙi. Da suka duba DNA da ke kewaye da wurin, sai suka ga kusan duk baƙaƙen Birtaniya tambari ɗaya suke ɗauke da shi, wato daga kaka ɗaya suka fito, kuma ƙiyasinsu ya nuna abin ya faru ne a wajajen 1819. Wannan ya rufe maganar rini gaba ɗaya. Da hayaƙi ne ke haddasa baƙin, da ya ɓullo sau dubbai a wurare dabam-dabam. Sau ɗaya ya faru, a jikin ƙwaro ɗaya, kuma da a ce a daji mai laken ya faɗo, da wataƙila tsuntsu ya gama da zuriyarsa ba wanda ya ji labari. Ya yi sa'a ne ya zo a zamanin kwal. Wani abin sha'awa, a fitowar mujallar Nature da ta ɗauki wannan bincike, wasu masanan suka nuna cewa cortex ɗin nan ce ke tsara zanen fuka-fukan wasu malam-buɗe-littafi na Kudancin Amurka, waɗanda su kuma launinsu na gargaɗi ne, so suke a gan su.

Kada ka koyar da labarin kamar ba shi da kurɓi ko ɗaya. A gabashin Ingila, yankin karkara da ba shi da masana'antu sosai, an daɗe ana samun baƙaƙe da yawa fiye da yadda launin bishiyoyin wurin zai sa a zata. Babban bayanin shi ne ƙaura: mazan na iya yin tafiyar kilomita biyu a dare, sababbin tsutsotsi kuma kan rataya a zaren siliki iska ta kwashe su, iskar Ingila kuwa daga yamma ta fi kaɗawa, daga garuruwan hayaƙi zuwa gabas. Haka nan idonmu ba idon tsuntsu ba ne. Tsuntsaye na ganin wani haske da ke gaba da shuɗi wanda mu ba ma gani, kuma a wannan haske farin faɗa-wuta ya fi sajewa da laken mai manne kamar ƙanzo fiye da mai ganye-ganye. A 2018 masu bincike a jami'ar Exeter suka auna launin tsofaffin samfura na gidan tarihi da ma'aunin ganin tsuntsu, suka kuma baza faɗa-wutan kwaikwayo a dazuzzuka masu tsabta, suka samu farare sun fi tsira da kusan kashi 21. Don haka idan ka yi wasan nan na aji, inda ake watsa guntayen farar takarda da baƙa a kan baƙin ƙyalle a ce yara su tsinta cikin daƙiƙa goma, ka yi shi, yana koyarwa ƙwarai, musamman idan ka ninka waɗanda suka rage ka sake zagaye uku ko huɗu. Sai dai ka gaya musu cewa tsuntsu na ganin abin da su ba sa gani.

Kada kuma ka ɗora wa misalin kayan da ba nasa ba. Baƙi da fari jinsi ɗaya ne, suna saduwa suna haihuwa, ba sabon jinsi aka samu ba, kuma babu masanin kirki da ya ce an samu. Abin da ya nuna shi ne yanayi na iya karkata ƙidayar gado cikin ƙasa da rayuwar mutum ɗaya, a auna, a ga mai aikata shi, a gano har ƙwayar gadon. Hanyar nan ce dai sauro ke bi ya gagari maganin feshi, ƙwayoyin cuta su gagari maganin da aka saba kashe su da shi. Kuma faɗa-wutan nan ba shi kaɗai ba ne, jinsuna gommai na faɗa-wuta sun yi baƙi a yankunan masana'antu na Turai da Amurka, shi dai ya fi samun masu ƙirga shi.

Amma ka koma wa ɗalibin nan naka ka ce masa bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda ka zata, matakin rayuwa kawai ya kuskure. Babban faɗa-wutan ba ya rikiɗa, tsutsarsa kuwa tana yi. Ita kamar tsinken reshe take, takan riƙe reshe da ƙafafun baya ta miƙe ƙiƙam, kuma a hankali, cikin kwanaki da makonni, launinta kan koma na reshen da take kai, kore ko ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Wannan bai da alaƙa da launin da za ta fito da shi idan ta yi fuka-fuki, tsutsa kore na iya zama baƙin faɗa-wuta. A 2019 Amy Eacock da abokan aikinta suka shafe idanun tsutsotsin da baƙin fenti, suka ɗora su a kan sanduna masu launi dabam-dabam. Duk da haka suka rikiɗa zuwa launin sandar da suke kai, kuma da aka ba su zaɓi, yawancinsu suka hau sandar da ta dace da jikinsu. Da aka bincika, sai aka tarar ƙwayoyin gadon da ke aikin gane haske a ido suna aiki a fatarsu ma.